Yarona ya nace sai ya yi kiwon kwaɗi a bayan gida, yaya zan gina musu wurin da ba za su mutu ba?

Baban Sadiƙu (Auyo):
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na san a gidan nan maganar shinkafa da taki da kiwon tumaki muka saba yi, to yau da wata daban na zo, ku yi haƙuri da ni. Ɗana na uku, Sadiƙu, shekararsa 11, tun yana ƙarami ba shi da abin so kamar kwaɗo. Sa'anninsa na bin tsuntsu da danƙo, shi yana tsugune bakin kududdufi yana kallo. Makon jiya bayan ruwan daren Talata ya kamo guda shida a gefen gonarmu, ya samo tsofaffin fallayen kwano ya kewaye wani lungu a bayan rumbu, ya zuba musu ruwa a gwangwanin madara. Da hantsi suna nan lafiya. Kafin la'asar huɗu sun mutu, sun ƙame kamar an shanya su. Yaron nan ko tuwon dare bai ci ba. Biyun da suka rage na sa ya mayar da su inda ya ɗauko.

Ba na son in kashe masa wannan sha'awar, don ban taɓa ganin abin da yake zama ya lura da shi haka ba, ko a makaranta. Amma kuma ba zan yarda a riƙa kashe halittar Allah a gidana da sunan wasa ba. Wanda ya san yadda ake yi musu wuri a waje, a taimaka min. Me za a gina, me za su ci, kuma in rani ya yi yaya za a yi da su?

Mai Lambu (Kura):
Wa alaikumus salam. Baban Sadiƙu, shawarata ɗaya ce: ka saya masa tattabaru biyu ko zomo, magana ta ƙare. Inda kwaɗo ya taru maciji na nan tafe, wannan ba labari aka ba ni ba. Shekara uku da suka wuce na bar tarin bulo a jikin rijiyar lambuna, kwaɗi suka mayar da shi gida, wata magariba na sa hannu zan ɗauki bokiti sai ga gamsheƙa ta fasa kai. Allah ne ya tsare. Kai kuma a bayan rumbu, inda mata da yara ke kai da komo?

Malamar Kimiyya (Ringim):
Malam Mai Lambu, tsoron nan naka gaskiya ne, zan dawo kansa. Amma bari in fara da abin da ya kashe huɗun nan, don in ba a gane shi ba ko ginin siminti aka yi musu haka za su mutu.

Baban Sadiƙu, kwaɗo ba ya shan ruwa da baki kamar akuya. Da fata yake sha, musamman fatar cikinsa da ta tsakanin cinyoyinsa. Shi ya sa za ka gan shi ya baje a kan danshin gindin randa, ai shan ruwa yake yi. Kuma da fatar yake wani ɓangare na numfashinsa, bayan wanda yake yi da huhu. Yadda ruwa ke shiga ta fatar nan cikin sauƙi, haka yake fita. Ka sa shi tsakanin fallayen kwano da rana tsaka, ƙasa busasshiya, ba ramin shiga, ba ganyen fakewa, ai kasko aka ɗora shi a kai. Gwangwanin madara kuwa ko ya hau ba zai iya zama a ciki ba. Ba yunwa ce ta kashe su ba, ba kuma kamun da aka yi musu ba ne. Ƙishi ne da zafi.

Ka gaya wa Sadiƙu malama ta ce ba mugunta ya yi ba, rashin sani ne, kuma kukan da ya yi shi ya nuna ya cancanci a koya masa.

Tsohon Masunci (Guri):
Malama ta faɗi gaskiya. Ni kuma tambaya zan yi: waɗanne iri ya kamo? Don mutanen tudu komai kwaɗo suke ce masa, alhali ba ɗaya ba ne.

Akwai na gida, mai kaushin baya da ƙuraje-ƙuraje, gajerun ƙafafu, ba ya dogon tsalle, shi ne ake samu a gindin randa da cikin takalmi. Akwai babban na ruwa mai santsi, wanda mu a nan muke kira burduddugi, in ka matso sai ka ji ɗum, ya faɗa ruwa, wani lokaci har gudu yake a saman ruwan kafin ya nitse. Wannan ba ya rabuwa da ruwa, da rani ma sai dai ka same shi a sauran gurbin kogi ko tsohuwar rijiya. Sannan akwai wani ƙato mai faɗin baki da ke fitowa da ruwan farko, ya yi 'yan makonni ya ɓace. Shi binne kansa yake. Na sha tono shi da rani muna haƙar laka, za ka same shi a dunƙule cikin wata busasshiyar fata kamar an naɗe shi a takarda, ka rantse matacce ne. Shi kuma yana cizo, yana da wasu abubuwa kamar haƙora a leɓen ƙasa, kada yaro ya kai masa yatsa.

Kowanne da irin gidansa. Amma in ta ni ce, ɗana, kada ka rufe ko ɗaya. Ka haƙa ɗan gurbi a inuwa, ka sa ruwa, ka kife fasasshiyar tukunya, su da kansu za su zo. Shekarata sama da hamsin a bakin ruwa, ban ga kwaɗon da ya nemi a ciyar da shi ba.

Baban Sadiƙu (Auyo):
Na gode Baba, na gode Malama. Na tambaye shi, ya ce huɗu masu kaushi ne, biyu masu santsi. Masu santsin duka sun mutu, da biyu cikin masu kaushin. Baba, na kawo masa maganar a bar wurin a buɗe, sai ya ce to yaya zai gane nasa? Yana so ya san wane ne wane, ya ga abin da suke ci, ya ga girmansu.

Malamar Kimiyya (Ringim):
Ka ga ni ko? Masu santsin ne suka fara tafiya, don fatarsu ta fi saurin bushewa. Wannan ma darasi ne. In za a ajiye, na gida mai kaushi za a ajiye, biyu ko uku, masu girma ɗaya. Burduddugi a ƙyale shi, tsallensa ya fi ƙarfin ɗan keji, zai yi ta dukan bango da hanci har ya ji ciwo. Kuma kada a haɗa babba da ƙarami. Kwaɗo duk abin da ya motsa ya kuma shiga bakinsa abinci ne, ko da ɗan'uwansa ne.

Maman 'Yan Biyu (Kafin Hausa):
Ni dai a matsayina na uwa abu biyu ke damuna. Na farko sauro. Muna fama da zazzaɓin cizon sauro kowace damina, asibiti na cewa a kawar da ruwan da ke kwance, ku kuma kuna cewa a ajiye ruwa a bayan ɗaki? Na biyu, tun muna yara ake ce mana in kwaɗo ya yi maka fitsari ƙuraje za su fito maka. Malama, gaskiya ne ko faɗa ce kawai?

Malamar Kimiyya (Ringim):
Yaya, maganar sauro kin yi daidai, kuma kada wani ya ce kwaɗin za su cinye tsutsar sauron, ba za su iya ba. Abin da ke taimako shi ne sauro na bukatar kamar mako guda ko fiye daga ƙwai zuwa ya tashi. In ana zubar da ruwan duk bayan kwana biyu ko uku, a goge mazubin a sake sabo, ba zai kai ga tashi ba. Shi ya sa ni na fi son kwatarniya ko baho da za a iya ɗagawa a kan gurbin siminti da ba a iya kwashewa. Aikin Sadiƙu ke nan, in ba zai iya wannan ba to bai shirya kiwo ba.

Fitsarin kuwa ba ya kawo ƙuraje. Ruwan da ya tara ne yake saki in ya tsorata. Abin da za a kiyaye na gaske shi ne kumburin nan biyu da ke bayan idanun na gida. Wani farin ruwa mai dafi ke fita daga nan in an matsa shi. A fatar hannu ba ya komai, amma in ya shiga ido ko baki akwai raɗaɗi, kuma shi ne ke sa kare dalalar da kumfa in ya cafki kwaɗo. Ban da haka kwaɗi na iya ɗaukar ƙwayar salmonela mai sa gudawa, kamar yadda kaji da ƙadangaru ke ɗauka. Don haka a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa. Kafin a taɓa kuma a ɗauraye hannu da ruwa zalla, ba sabulu ba man shafawa, don shi ma abin da ke hannunmu yana shiga jikinsa. Yara 'yan rarrafe kuma a nesanta su.

Ɗan Kasuwar Kifi (Haɗeja):
Ku dakata, ku kuna ta maganar wasan yara, ni kuwa kuɗi nake gani. Duk wanda ya san kasuwar kifi ta Haɗeja ya san ana shigo da busassun kwaɗi buhu-buhu, 'yan kudu na saye suna lodi. Baban Sadiƙu, in yaron nan na da hannun kiwo, me zai hana ka gina masa babban gurbi ya tara burduddugi ya sayar? Ai gara ya tashi da sana'a.

Ɗalibi (Dutse):
Yallaɓai, sana'ar akwai ta, amma daga daji ake kwasowa, ba kiwatawa ake ba, kuma nan matsalar take. Wani bincike da aka wallafa a 2010, na masana daga Jamus da Legas, ya gano mutum 32 kacal cikin masu wannan sana'a suna hada-hadar kwaɗi kusan miliyan 2.7 a shekara, akasari daga arewa da maƙwabta irin su Nijar da Chadi da Benin. Mutum 32 fa. Indiya ta taɓa zama babbar mai fitar da cinyoyin kwaɗi zuwa Turai, a 1987 ta hana, saboda kwaɗin sun ragu a gonakin shinkafa, ƙwari sun yi yawa, manoma suka koma dogaro da maganin feshi. Mu da muke noman shinkafa daga Kadawa har Auyo ya kamata wannan ya tsaya mana a rai.

Kiwonsa don sayarwa kuma ba kamar tarwada ba ne da za ka watsa mata abincin buhu. Kwaɗo sai abu ya motsa yake kai masa baki. Wa zai kamo wa kwaɗo dubu fara mai rai kullum?

Ɗan Kasuwar Kifi (Haɗeja):
Ƙanena, ku 'yan boko kullum sai ku kawo Indiya. Mutanen da ke wannan kamun talakawa ne, da shi suke sayen hatsi kafin kaka. Ka hana su ka ba su me?

Tsohon Masunci (Guri):
Ba wanda ya ce a hana talaka cin abinci, Alhaji. Amma ni ba a takarda na karanta ba. Kafin a datse ruwa a Tiga a 1974, ambaliyar da ke sauko mana tana shimfiɗuwa ne har inda ido ya ƙare, in marka ta yi ba ka jin maganar na kusa da kai da dare saboda kukan kwaɗi. Yau ruwa ya canza hanya, ciyawar kacala ta cinye magudanai, ga feshi a kowace gona, ga masu fitila suna bi da dare suna kwashewa har da masu ƙwai. Kukan ya ragu, kunnena shaida ne. Dausayin Baturiya ma da aka sa cikin wuraren da duniya ta amince a kare a 2008, tsuntsayen da ake taƙama da su ai da kwaɗi da kifi suke rayuwa. Yaron da ya zauna yana kallon kwaɗo har ya yi kuka don ya mutu, ni ba zan mayar da shi mai bandarsa ba.

Malam na Tsangaya (Miga):
Assalamu alaikum. An turo min wannan zance an ce in ce wani abu. Abin da na sani kaɗan ne, ga shi.

Ya tabbata a hadisin Abdurrahman ɗan Usman, wanda Abu Dawuda da Nasa'i suka ruwaito, cewa wani mai magani ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da sa kwaɗo a cikin magani, sai ya hana kashe shi. Da wannan Shafi'iyya da Hanbaliyya suka kafa hujjar haramcin cinsa, Hanafiyya kuma dama kifi kaɗai suka halatta cikin dabbobin ruwa. Imamu Malik ya halatta, yana ƙirga shi cikin abin ruwa. To saɓani ne na magabata, ba za mu ƙare shi a waya ba, kuma kada a zagi kowa a kai.

Amma tambayar mai tambaya ba ta ci ba ce, ta tsarewa ce. Ajiye dabba don yaro ya yi nishaɗi ya halatta, ƙanen Anas ɗan Malik yana da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, da ya mutu Annabi da kansa ya tambaye shi labarinsa yana lallashinsa. Sai dai ga hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Daga ranar da ka rufe ƙofa a kan dabba, cinta da shanta da inuwarta sun dawo wuyanka. Yaro ba a rubuta masa zunubi, Baban Sadiƙu, kai ne baligi a gidan.

Baban Sadiƙu (Auyo):
Allah ya gafarta Malam, maganar ta shige ni. Abin da ya hana ni barci ke nan tun ranar.

Magini (Jahun):
To tunda an yarda za a yi, bari mai aikin hannu ya sa baki. Ban taɓa gina wa kwaɗo ɗaki ba, amma na gina wa masu tarwada da masu zomaye, kuma na karanta abin da Malama da Baba suka rubuta.

Ka nemi gindin mangwaro ko darbejiya, inda rana ba ta sauka daga hantsi zuwa la'asar, nesa da ɗakin kwana da madafa, nesa da inda ruwan wanki ke gangarowa. Faɗi ƙafa 5, tsawo ƙafa 8 ya isa. Bulo jeri huɗu a sama, jeri ɗaya ko biyu a cikin ƙasa don kada su tona su fita, kada ɓera ma ya tono ya shigo. A yi wa bangon shafe ciki da waje ya yi sumul, a toshe duk ramin bulo, don ramin bulo shi ne ɗakin kunama da maciji. Ƙasan kuma kada a yi daɓe. A bar ƙasa, a ƙara mata yashi da ruɓaɓɓen ganye kamar taƙi ɗaya da rabi, yadda za su iya nitsewa.

Abu ɗaya da ba kowa ya sani ba: sabon siminti yana da kaifi. Masu tarwada da suka yi gaggawa sun sha asara. Bayan shafe a bar shi mako biyu zuwa uku ruwan sama na dukansa kafin a sa komai mai rai. Kwatarniyar ruwan a binne ta bakinta ya yi daidai da ƙasa, a jingina dutse ko guntun itace a ciki ya zama matakala. Ka san tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, na gida kuwa ba gwanin iyo ba ne, in bai sami abin takawa ba zai gaji. Murfi a yi firam na katako da ragar waya, a sa masa kwaɗo, na ƙarfe nake nufi, saboda yaran maƙwabta.

Mai Lambu (Kura):
Har yanzu ba a ba ni amsar maciji ba. Ragar nan wace iri? In mai manyan idanu ce irin ta kaji, gamsheƙa za ta zura kai ta shige. In ta sauro ce, ƙwarin da za su ci ta ina za su shiga?

Magini (Jahun):
Tambaya ce mai kyau, na tsaya a kanta ni ma. Akwai raga mai ido rabin inci. Babban maciji ba zai wuce ba, belbela da kaji da muzuru da guza ma haka, ƙananan ƙwari kuwa za su shiga.

Malamar Kimiyya (Ringim):
Amma ɗan ƙaramin maciji zai iya, gara a faɗi gaskiya. Malam Mai Lambu, ba wanda zai rantse maka cewa ba zai zo ba. Abin da zan ce shi ne kwaɗin nan dama suna gidan, a gindin randa da bayan rumbu, ba mu muka kawo su ba, kuma abin da ya fi jan maciji gida shi ne ɓera da tarin shirgi. A share ciyawa taku uku kewaye da ginin, kada a jingina kara ko itace a jikinsa. Doka uku ga Sadiƙu, ba sassauci: ba ya zuwa da dare sai da tocila da takalmi da babba a tare da shi, ba ya zura hannu ƙarƙashin tukunya, da sanda ake ɗagawa, kuma kafin ya buɗe murfi sai ya leƙa ko'ina.

Abinci kuwa damina ta sauƙaƙa. A rataya ƙaramar fitilar sola a saman ragar daga magariba zuwa bayan isha, ƙwari za su yi ta faɗowa. Daren da shinge ya fito a ajiye baho da ɗan ruwa ƙarƙashin fitila a kwashe a zuba musu, ba abin da suke so kamarsa. Sai tana, gyare, ƙananan fara, da gara in an fasa busasshen kara. Abin da nake roƙo da babbar murya: kada a ba su ƙwaron da aka tsinto a gonar da aka yi wa feshi, ko kyankyason da fiya-fiya ta kayar a ɗaki. Kada a wanke kwatarniyarsu da omo, kada a ɗebo musu ruwa da bokitin da aka dama maganin ciyawa ko takin zamani, kada toka ko gishiri su kusance su. Ruwan sama ko na rijiya ya fi. In na famfo ne mai warin kulorin a bar shi a buɗe ya kwana biyu.

Ɗalibi (Dutse):
Ƙari ɗaya, Baba. In ranar saki ta zo, a mayar da su daidai inda aka kamo su, kada a kai su wani gari, kada kuma wani ya kawo baƙon iri daga kasuwa a haɗa. A 1935 aka kai wani kwaɗo Ostareliya don ya cinye ƙwarin rake, guda 102 aka shigo da su daga Hawai. Ƙwarin bai ci ba, shi kuwa ya bazu, dafinsa na kashe dabbobin ƙasar har yau. Akwai kuma cutar fata da ta ƙarar da nau'o'in kwaɗi a ƙasashe da dama, wadda safarar kwaɗi ta taimaka wajen yaɗa ta.

Tsohon Masunci (Guri):
Duk na ji, kuma ginin Magini ba laifi. Amma ba wanda ya amsa tambayar ƙarshe ta mai tambaya, ita ce kuma mai wuyar. Damina wata huɗu ce. In iskar hunturu ta taso ƙwari sun ɗauke, in bazara ta zo zafi ya haura digiri 40, ƙasar da ke cikin bulon nan za ta bushe har ƙasa. Kwaɗon da ke sake ya san inda zai nufa, bakin rijiya, ramin gara, ƙarƙashin kwalbati. Wanda ke rufe ba shi da zaɓi, ranar da yaro ya tafi gidan kakarsa kwana uku shi ke nan. Ga roƙona: Magini ya bar bulo ɗaya a jerin ƙasa ba tare da siminti ba, a toshe da laka. Da an fara yankan shinkafa a zare shi. Wanda zai tafi ya tafi, wanda ya ga wurin ya yi masa ya zauna. Shi kuma yaron a nuna masa yadda ake gane su, zanen bayan kowane kwaɗo daban yake, kamar yadda makiyayi ke gane shanunsa.

Malamar Kimiyya (Ringim):
Baba, na sallama. Wannan ta fi tawa. Baban Sadiƙu, ka saya masa littafin rubutu mai shafi 40, ya zana bayan kowanne, ya riƙa rubuta ranar da abin da suka ci.

Maman 'Yan Biyu (Kafin Hausa):
Ni har yanzu da za a bi ta tawa zomo za a saya. Amma in dai za a riƙa zubar da ruwan nan, Allah ya taimaka.

Baban Sadiƙu (Auyo):
Salam 'yan'uwa, na dawo da labari bayan wata uku, don bai kamata a ba ni shawara in yi shiru ba. Mun yi ginin a gindin mangwaron bayan gida yadda Magini ya tsara, muka jira mako uku, farkon Agusta muka sa na gida guda uku. Duk suna raye. Sadiƙu bai taɓa tsallake sauya ruwa ba sai sau ɗaya da ya yi zazzaɓi, ƙanwarsa ta karɓe shi. Littafin ya kusa cika. Ya gano ɗaya ba ya fitowa sai fitila ta mutu, ya gano in suna haɗiye babbar fara idanunsu na nitsewa ciki, ya zo da gudu yana tambayata ko ciwo ne. Malam Mai Lambu, maciji sau ɗaya muka gani, a wajen bango, wani siriri, ya wuce abinsa. Na ƙara share wurin.

Ranar Asabar muka fara yanka, da magariba na sa shi ya zare bulon da hannunsa. Bai so ba, amma ya zare. Da safe biyu sun tafi. Ɗayan, mai tabo a kafaɗar hagu, yana nan ƙarƙashin fasasshiyar tukunyar, yau kwana biyar, ya tona ya nitse rabi. Baba na Guri, yanzu me za mu yi masa? Mu ci gaba da kunna fitila? Mu tono shi mu duba?

Malamar Kimiyya (Ringim):
Nitsewar idanun nan ba ciwo ba ne, da su kwaɗo yake taimaka wa kansa tura abinci zuwa maƙogwaro. Don Allah ka ɗauko min hoton shafukan littafin nan, ina so in nuna wa 'yan aji ɗaya na ƙaramar sakandare.

Tsohon Masunci (Guri):
Kada ku tono shi, kada ma a ɗaga tukunyar. Fitila a kashe, ba ya bukatarta yanzu. Ƙofar a bar ta a buɗe. A ƙara busasshen ganye a kan tukunyar, duk bayan kwana biyu da magariba Sadiƙu ya zuba buta ɗaya a gefenta, ba a kanta ba, ƙasar ta yi sanyi kawai kada ta yi taɓo. In bazara ta matso a mayar da shi kullum.

Baban Sadiƙu (Auyo):
To Baba, an gama. Yana nan kusa da ni yana karantawa, ya ce a tambaye ka buta babba ko ƙarama.

Tsohon Masunci (Guri):
Ta alwala. Ka gaishe min da shi.